Wasa Ɗaya Ya Yanke Tikiti: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Auna Riba da Kasada

Ranar Asabar da la'asar, lokacin wasannin Firimiyar Ingila, gidajen kallon ƙwallo na Gwallameji da Yalwa, a garin Bauchi, cika suke yi har ƙofa. Janareta na ruri a baya, mai shayi na kaɗa kofi a bakin hanya, a ciki an jera benci har jikin bango. Duk wanda ya san gidan kallo shekaru 15 da suka wuce zai ga abin da ya sauya. A da ido na kan talabijin, musu kuma tsakanin 'yan Arsenal ne da 'yan Chelsea. Yanzu da yawa daga cikin masu kallon kansu a sunkuye yake, yatsa na kan waya.

Sai ka ga matashi ya daka tsalle alhali ba a ci ƙwallo ba a wasan da ake nunawa. Wata ƙungiya ce a Turkiyya ko Beljiyam, wadda bai san sunan ɗan wasanta ko guda ba, ta zura ƙwallo a minti na 89.

Kafin a watse kuwa sai ka ji maganar da ta zama ruwan dare: wasa ɗaya ne ya yanke mini tikiti. Abin lura shi ne yadda ake faɗinta. Mai maganar yana miƙa wa abokansa waya, fuska a sake, su ga da idonsu wasa tara sun shiga, ɗaya ya ƙi. Naira 500 ɗinsa ta tafi, amma shi abin da yake gani dubu goman da ta kuɓuce masa ce, kuma tun a nan ya fara haɗa tikitin gobe.

Iyaye suna cewa tarbiyya ce ta lalace. Malamai suna tunatarwa cewa caca haramun ce. Masu nazarin al'umma suna nuna rashin aikin yi. Kowannensu da gaskiyarsa. Sai dai akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba: me ya sa asarar da ya kamata ta sa yaro ya yi karatun ta-natsu ita ce take ƙara masa ƙaimi? Masu binciken ƙwaƙwalwa sun shafe fiye da shekaru 30 suna bin wannan tambaya, har sun kai ga rubuta amsarta da lissafi, su zuba a kwamfuta, ta yi hasashen abin da mutum zai zaɓa.

Shagon caca ya koma aljihu

Caca ba baƙuwa ba ce a Bauchi. Tun kafin zuwan wayar salula ana karta a lungu, ana ludo da kuɗi. Amma cacar wancan zamani tana da wuri, tana da lokaci, tana da kunya. Dole mutum ya taka ya je inda ake yi, wanda ya gan shi kuma ya san abin da ya kai shi. Lokacin da jihar ta fara aiki da Shari'a a 2001, wannan cacar aka sani.

Ta yau ba ta neman tabarma. Kamfanoni irin su Bet9ja da SportyBet da BetKing suna cikin wayar da mutum yake gaida mahaifiyarsa da ita. Da naira 100 ana iya bugawa, kuɗi na fita daga asusu kafin ƙiftawar ido, wanda ya ƙosa da jiran wasan gaske kuma ga na kwamfuta, wanda ake farawa a gama cikin 'yan mintuna, dare da rana.

Wannan sauƙin ya haɗu da matsi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kuma a ƙarshen shekarar da ƙyar yake sayen buhun shinkafa, in ma ya saya.

Kuma abin bai tsaya ga ƙwallo ba. A Disambar 2016 shirin MMM ya rufe asusun mutane, daga baya hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa ta ce kimanin 'yan Najeriya miliyan uku sun yi asarar kusan naira biliyan 18. A Afrilun 2025 CBEX ya rushe da kuɗin wasu. A cikin waɗanda abin ya ci akwai ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu digiri. Jahilci kaɗai ba zai bayyana wannan ba.

Ma'aunin da ba ya farawa daga sifiri

An daɗe ana ɗauka cewa ɗan Adam yana yanke shawara kamar akawu: ya dubi abin da zai samu, ya ninka da yiwuwar samunsa, ya ɗauki wanda ya fi yawa. Tun a 1738 masanin lissafi Daniel Bernoulli ya nuna wannan bai isa ba, domin kuɗi ɗaya darajarsa ba ɗaya ba ce a hannun mai shi da a hannun mara shi.

Babban gyaran ya zo a 1979, daga Daniel Kahneman da Amos Tversky, aikin da ya sa aka ba Kahneman kyautar Nobel a 2002. Sun gano cewa mutum ba ya auna dukiyarsa gaba ɗaya idan zai yi zaɓi. Daga inda yake tsaye yake aunawa: me zai ƙaru, me zai ragu. Kuma zafin raguwar ya ninka daɗin ƙaruwar kusan sau biyu.

A ce da mutum: ko ka karɓi naira 5,000 a hannu, ko a jefa kwabo, ka samu 10,000 ko ka tashi a tutar babu. Yawancin mutane za su karɓi 5,000 su wuce. Sai a juya maganar: ko ka biya tarar 5,000 yanzu, ko a jefa kwabo, ka biya 10,000 ko a yafe maka. A nan yawanci kwabon suke zaɓa. Mutum ɗaya, kuɗi ɗaya, amma da zarar ya ji kansa a ɓangaren asara sai tsoron kasada ya ragu.

Duk wanda ya taɓa zama da ɗan caca ya san wannan hali da sunansa na gida: bari in mayar da kuɗina. Wanda aka cinye wa 2,000 da rana, da dare 4,000 zai zuba, saboda a ma'auninsa yana cikin rami, kuma tsayawa na nufin yarda da asarar.

Akwai kuma yadda ƙwaƙwalwa take kumbura ƙaramar yiwuwa. Abin da zai faru sau ɗaya cikin dubu, a zuci sai ya yi nauyin da ya fi ƙarfinsa. Tikitin wasa 20 mai alƙawarin miliyoyi a kan wannan raunin yake tsaye.

Biri, ɗigon lemo da dofamin

Kahneman da Tversky halayya suka auna, ba su leƙa cikin kai ba. Wanda ya leƙa shi ne Wolfram Schultz, yana aiki a Suwizalan a shekarun 1980 da 1990. Yakan sa siririyar waya, wadda ba ta kai gashi kauri ba, a tsakiyar ƙwaƙwalwar biri, ya saurari ƙwayoyin jijiya masu fitar da sinadarin dofamin. A ƙwaƙwalwar ɗan Adam mai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, waɗannan ba su wuce kimanin rabin miliyan ba, amma saƙonsu yana isa wurare da dama.

Idan aka ɗiga wa biri lemo a baki ba zato, ƙwayoyin sai su yi ta harbawa. Idan aka saba kunna fitila kafin lemon, bayan ɗan lokaci sai su daina harbawa a kan lemon, su koma harbawa a kan fitilar. Idan kuma aka kunna fitila aka hana lemo, daidai lokacin da ya kamata ya zo sai su yi tsit, ƙasa da yadda suka saba.

Peter Dayan da Read Montague suka gane cewa wannan salo sun san shi daga wani wuri. Shi ne lissafin da Richard Sutton da Andrew Barto suka tsara don koya wa kwamfuta aiki ta hanyar lada. A 1997 su ukun, Schultz da Dayan da Montague, suka wallafa bayanin a mujallar Science. Dofamin ba daɗi yake aunawa ba. Tazarar da ke tsakanin abin da aka yi tsammani da abin da aka samu yake aunawa, kuma da wannan tazarar ƙwaƙwalwa take gyara tsammaninta na gaba.

Yaron da ya saba kawunsa na ba shi barka da sallah naira 500, bana aka miƙa masa 1,000, zai yi ta murna. Baɗi aka ba shi 1,000 ɗin, godiya kawai zai yi. In aka koma 500 kuwa sai ya ɓata rai, alhali kuɗin da ya taɓa yi wa tsalle ne. Haka lissafin yake, kuma a kwamfuta layi ɗaya ne: sabon tsammani shi ne tsohon tsammani, a ƙara masa wani ɗan kaso na tazarar.

Yanzu a dubi abin da wannan ke nufi ga caca. Albashi ba ya ba da mamaki, an san ranarsa an san adadinsa. Caca kuwa mamaki ce zalla, don haka duk ci sai ya zo da harbin dofamin cikakke, komai yawan bugawar da aka yi. A 2003 Christopher Fiorillo da Philippe Tobler da Schultz sun ƙara gano cewa a tsakanin fitila da lemo aikin ƙwayoyin yana hauhawa a hankali, kuma ya fi ƙarfi idan yiwuwar samu rabi da rabi ce. Jiran kansa yana da nasa jan hankali. Minti 90 na rashin tabbas abin saye ne a wurin ƙwaƙwalwa, ko an ci ko ba a ci ba.

Binciken bai tsaya nan ba. A 2006 Camillo Padoa-Schioppa da John Assad sun sami ƙwayoyi a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke saman kwarmin ido, waɗanda ke ba kowane zaɓi ƙima a ma'auni guda, ko da abubuwan ba iri ɗaya ba ne. Ta haka kuɗin makarantar ƙane da tikitin daren Asabar suke iya hawa sikeli ɗaya. A 2010 Ian Krajbich da Antonio Rangel da abokiyar aikinsu sun nuna da lissafi cewa abin da ido ya fi daɗewa a kansa ya fi samun rinjaye a zaɓi. Wanda ya buɗe manhajar caca ya ga adadin da zai iya ci a rubuce ɓaro-ɓaro a gabansa, yiwuwar cin kuwa babu ita a shafin, ya san wane ɓangare aka ba ido.

A 2020 masana daga DeepMind da Jami'ar Harvard suka nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin dofamin ba bakinsu ɗaya ba. Wasu masu kyautata zato ne, wasu masu munana shi, kuma a tare suke zana dukkan abin da zai iya faruwa, daga mafi muni zuwa mafi kyau. Ma'ana ƙwaƙwalwa tana riƙe da hoton kasadar kanta, ba matsakaicin riba kaɗai ba.

Saura ƙiris

A nan ne maganar yanke tikiti take samun bayani. A 2009 Luke Clark da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge sun sa mutane buga na'urar caca suna kwance cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Idan hoton da ake jira ya tsaya dab da layin ci, mutanen sukan ce abin ya fi musu ciwo fiye da faɗuwa ta nesa. Duk da haka sha'awarsu ta ci gaba da bugawa sai ta ƙaru, kuma wuraren da ke kunnuwa idan an ci kuɗi su ne suka kunnu, ciki har da wani lungu da ake kira insula. Tasirin ya fi bayyana idan mutum da kansa ya zaɓi hoton da zai buga.

A 2014 Clark ya gwada marasa lafiyar da insularsu ta samu rauni. Su saura ƙiris ba ya ruɗinsu.

Dalilin wannan ɗabi'a ba ɓoyayye ba ne. A aikin da ake koyo da hannu, kusantar nasara labari ne na gaskiya. Ɗan wasan da ya bugi turke ya fi wanda ya harba sama kusa da ci, kuma ya dace ya sake gwadawa. Ƙwaƙwalwa da wannan ƙa'ida ta saba. Matsalar ita ce ta ɗauke ta ta kai inda ba ta aiki, tunda wasa taran da suka shiga jiya ba su ƙara wa tikitin yau komai ba.

A yi lissafin a fili. A ɗauka matashi ya san ƙwallo sosai, har a kowane wasa yiwuwar ya canka daidai kashi 70 ce cikin 100. Idan ya haɗa wasa 10 a tikiti guda, yiwuwar duka su shiga ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Yiwuwar tara su shiga ɗaya ya yanke kuwa kusan kashi 12 ce. Wato saura ƙiris zai same shi sau huɗu kafin ci ya same shi sau ɗaya. Ba rashin sa'a ba ne, haka tikitin yake tun ranar da aka haɗa shi.

Ga kuma rabon kamfani. Idan a kowane wasa an rage kashi 5 cikin 100 daga abin da ya kamata a biya, a wasa 10 ragin yana ninkuwa, har ya zama a kowace naira 100 da aka zuba, kimanin 60 ce ke komawa hannun masu bugawa idan aka yi jimilla. A wasa 20 ba ta kai 40 ba. Tikitin da ya fi tsawo, wanda ya fi ba matashi jin cewa shi gwani ne, shi ya fi yi wa kamfani riba.

Birkin da ke bayan goshi

Ƙwaƙwalwa tana da abin taka birki. A 1994 Antoine Bechara da Antonio Damasio, a Iowa ta Amurka, sun ajiye wa mutane tarin kati huɗu. Biyu suna ba da kuɗi mai tsoka amma tararsu ta fi ribarsu, biyu suna ba da kaɗan amma a ƙarshe riba ake tashi da ita. Masu lafiya sukan kauce wa munanan tarin a hankali, har an auna gumi na tsatso musu idan za su kai hannu can, tun kafin su iya faɗin dalili. Waɗanda suka samu rauni a gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, sai su yi ta komawa, wasunsu ma bayan sun gane tarin cuta ne.

Wannan ɓangare shi ne na ƙarshe wajen nuna a jikin ɗan Adam, yana kaiwa wajen shekara 25 bai gama ba. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya mai shekara 19 injinsa ya gama haɗuwa, birkinsa ne da saura.

Hujja mafi ƙarfi game da rawar dofamin a caca ta fito daga asibiti. Masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ana ba su magungunan da ke kwaikwayon dofamin. Wani bincike na 2010 a kan marasa lafiya fiye da 3,000 a Amurka da Kanada ya sami cewa kimanin kashi 17 cikin 100 na masu shan irin wannan magani sun faɗa caca ko sayayya ko ci ko sha'awa marar linzami, a waɗanda ba sa sha kuwa kashi 7 ne. Dattawan da ba su taɓa caca ba sun fara, da aka rage maganin da yawansu suka daina. A 2016 a Jami'ar Stanford an gano wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓera da ke riƙe tunanin asarar da ta gabata. Da aka zaburar da su daidai lokacin zaɓi, ɓeraye masu son kasada suka koma masu taka-tsantsan nan take.

Saboda irin waɗannan hujjoji, tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa cacar da ta zama jaraba a aji ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi sahu.

Tsuntsu mai jin yunwa

Kuskure ne a ɗauka duk abin a cikin kai yake. A 1980 Thomas Caraco ya ba wasu ƙananan tsuntsaye zaɓi tsakanin mazubi mai ƙwaya tabbatacciya da mazubin da wani lokaci yake da ninki biyu, wani lokaci babu komai. Idan suna ƙoshe, tabbas suke zaɓa. Idan abincin da ake ba su bai isa ya kai su gobe ba, sai su koma wa kasada. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka sami sakamako iri ɗaya ba, amma lissafin da ke ƙarƙashinsa a bayyane yake: idan tabbas ɗin da ke hannunka ba zai fitar da kai ba, kasada ce kaɗai ƙofar da ta rage.

A dubi matuƙin Keke Napep da ke jigila tsakanin Wunti da Yalwa. Da dare sai ya kai wa mai keke balas, ya sha mai na gobe, ya bar kuɗin cefane a gida. Ranar da magariba ta yi bai haɗa ba, naira 500 da ta rage masa ba za ta cike balas ba, ba za ta ɗora tukunya ba. A wannan lokacin tikitin da zai iya mayar da ita 10,000 ba ya yi masa kama da hauka. Lissafin kamfani yana nan yadda yake, shi ne zai yi asara a ƙarshe, amma daga inda yake tsaye abin yana da ma'ana.

A 2013 Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu sun gwada ɗaruruwan manoman rake a kudancin Indiya sau biyu, kafin a biya su kuɗin girbi da bayan an biya. Manoman nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan kuɗi ya shigo. Damuwar rashi tana cin wani kaso na hankalin da ake buƙata wajen taka birki. Manomin da ya san bambancin watan Agusta da kaka ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Kowa da inda yake kallo

Matsayin malamai a fili yake. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta haɗa giya da caca a magana ɗaya, ta ambaci ɗan amfanin da mutane ke gani a cikinsu, ta nuna laifinsu ya rinjaye shi. Ayoyi na 90 da 91 a Ma'ida suka yanke hukunci, suka ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga sallah. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da raba kasadar fatauci, wadda ke tare da kaya da aiki, da garari, inda mutum ke sayen abin da bai san ko akwai shi ba. Wannan rarrabewa tana da amfani ga matashin da ke cewa ai kasuwanci ma caca ce.

A Kano, a Oktoban 2024, Hisbah ta rufe shagunan caca kimanin 30 a samame guda, bayan koke-koken iyaye. Masu goyon baya suna cewa rufe shago yana dawo da kunyar da ta ɓace, yana kuma kare yara ƙanana. Haka ne. Amma shagon da ke cikin waya ba a sa masa kwaɗo.

Kamfanonin suna cewa nishaɗi suke sayarwa ga manya, suna biyan haraji, sun ba dubban wakilai abin yi, kuma suna gargaɗin a buga da hankali. Ni dai gargaɗin bai gamsar da ni ba. Manhajar da aka ƙera ta yadda za ta riƙa ba da mamaki, ta yawaita saura ƙiris, ta gajarta lokaci tsakanin asara da sake bugawa, ita ce take raunana hankalin da ake cewa a yi amfani da shi.

Likitoci kuma suna cewa jarabar caca tana jin magani, musamman ta hanyar zama da mai ita a gyara masa gurguwar fahimtarsa game da sa'a da gwaninta. Suna kuma gargaɗin cewa masu ita sun fi sauran mutane shiga haɗarin kashe kansu, saboda bashi da kunya. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutane fiye da miliyan 200, kuma iyali kaɗan ne za su kai ɗansu asibiti don caca. Korarsa daga gida ta fi zuwa musu a rai.

Ta fuskar doka, ƙwallo tana ragar jihohi. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke aiki da dokar caca ta ƙasa ta 2005 a jihohi, ta ce hurumin majalisun jihohi ne. Wasu ƙasashe sun riga sun gwada taɓa ƙirar cacar kanta. Birtaniya ta rage mafi yawan abin da za a zuba a wasu na'urorin shago daga fam 100 zuwa fam 2 a 2019, ta hana caca da katin bashi a 2020, a 2021 kuma ta tilasta jinkiri tsakanin bugu da bugu a cacar intanet, ta hana manhaja yin shewar ci idan abin da aka samu bai kai abin da aka zuba ba. Ƙungiyoyin Firimiya ma sun amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban riguna daga kakar 2026. Wasu daga cikin matakan nan sun yi daidai da binciken da aka ambata a sama.

A kan ƙwaƙwalwar wa aka yi gwajin?

Waɗannan tsare-tsaren lissafi suna da iyaka, kuma masu su ba sa musun haka. Biri da ɓera ba su da surukai, ba su da bashin mai shago. Mutanen da aka gwada kuma yawancinsu ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka ne. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa sun ja hankali cewa kimanin kashi 96 cikin 100 na waɗanda ake gwadawa a manyan mujallun nazarin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya.

A Bauchi mutum ba shi kaɗai yake yanke shawarar kuɗi ba. Matar da ke zubin adashi ta ɗaure hannunta da gangan, ta mayar da kunyar ƙawaye birki. Ɗan kasuwar hatsi a kasuwar Muda Lawal da ke sayen masara da kaka ya ajiye zuwa bazara kasada yake yi da ido buɗe, kuma faɗuwar farashi a 2025 ta nuna wa masu ajiya cewa ba kullum ake kwana a gado ba. Ribar da mutum ya ci ta 'yan'uwa ce, asararsa ma akan raba. Imani da ƙaddara yana iya sanyaya zafin asara har mutum ya haƙura ya tsaya, yana kuma iya zama abin fakewa ga mai cewa rabonsa na nan tafe. Duk waɗannan abubuwa ne da za a iya sa wa lamba a cikin lissafin, a gwada a gani.

Ba sai da injin biliyoyin naira ake fara irin wannan aiki ba. A Damaturu, cibiyar BioRTC da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe a 2021 tana horar da matasa binciken ƙwaƙwalwa da na ƙwayoyin halitta. A Afirka ta Kudu ana gudanar da makarantar Imbizo ta lissafin ƙwaƙwalwa tun 2017, ɗaliban Afirka suna zuwa. Neuromatch kuma tun 2020 take koyar da fannin ta intanet.

Gwajin kati huɗu na Iowa da gwajin jefa kwabo ana iya yin su a waya, da Hausa, da naira. Abin da ake buƙata shi ne kwamfuta, da wanda ya iya lissafi, da likitan da ya san marasa lafiya, da mutanen da suka yarda a gwada su. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana da masu lissafi da masu kimiyyar kwamfuta, asibitin koyarwarta yana da likitocin ƙwaƙwalwa, kuma tsakaninsu tafiyar Keke Napep ce. Idan Majalisar Dokokin Jihar Bauchi za ta yi amfani da hurumin da kotu ta ba ta, za ta buƙaci sanin matasa nawa ne ke bugawa a Gwallameji da Jahun da Fadaman Mada, nawa suke zubawa a mako, da shekara nawa suka fara, da kuma wane irin tikiti ne ya fi hana su tsayawa.